Bahagon Djougou

Ladjifarani, Parakou
6 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga Kawu Talle,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Fatchima da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Dogo direba ya ce ranar da ya je karɓo mini doya sai da ya taɓa kafaɗarka kafin ka san yana tsaye. Shi ya sa na daina wahalar da kai da waya, na koma takarda, tunda kullum motarsa tana kan hanyar Djougou. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Kawu, ka san tun bara nake rubuta memuwar ɗina, wato littafin kammala jami'a, a kan tsofaffin manyan riguna. Akwai wani dillalin shanu a nan, Alhaji Badamasi, da ya buɗe mini ɗakin da yake tara su. Shekara ashirin yana saye, wai don kada Turawa su kwashe komai jikokinmu su rasa abin gani. Riga talatin da ɗaya, kowace cikin gilashi, da 'yar takarda a ƙasa da Faransanci: ba a san maɗinki ba, ƙarni na sha tara.

Wata uku ina bin su zare bayan zare, sai na ga abin da ya sa na zauna a ƙasa. Biyar daga ciki mutum ɗaya ya ɗinka su. Tsamiya ce a kan saƙi, aska takwas, amma kwanciyar zaren ta karkata saɓanin ta kowa, kuma tambarin baya ya naɗe ta hagu. Kawu, na gane hannun mai ɗinkin nan. Bahago ne, mutumin Djougou ne, kuma in na zo kai zan fara tsarewa da tambaya, don na san babu wanda ya kai ka sanin zancen. Takarda ta cika, bari in ɗauko wata.

To, na ce mutumin Djougou ne saboda duka biyar ɗin daga nan aka kawo wa Alhaji su. A lissafina ya rayu zamanin fataken goro, ya rasu shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Na sa masa suna Bahagon Djougou, farfesana kuma ya ce wannan babin shi ne zuciyar aikin. Tunda marigayi Kaka maɗinki ne kuma ka taso a gabansa, ko ka taɓa jin tsofaffi suna labarin wani gwani bahago? Ko sunan zuriyarsa ne kawai, ka taimaka mini. A watan Yuli zan kare aikin.

Ɗiyarka,
Zinatu

Ladjifarani, Parakou
9 ga Maris, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Inna. Lafiya kuwa? Yau wata ɗaya da kwana uku ban ga amsarka ba. Dogo ya rantse mini a hannunka ya sa takardar. Ya ce ka karanta a tsaye a bakin shago, ka rufe keken ɗinkin da rana tsaka, ka bar kayan makarantar 'yan lakwal rabi a ɗinke, ka shige gida ko sallama ba ka yi masa ba. Tun daga ranar duk zuwan da ya yi sai a ce ka tafi gona Partago.

Na kira Inna, ta ce ba ka cin abinci sosai, kuma in ta ambaci sunana sai ka tashi. Idan ciwo ne ku faɗa mini in zo. Idan kuma na yi wani laifi ne a takardar, wallahi ban san shi ba. Na zauna na tuna duk abin da na rubuta, ban ga kalmar rashin kunya ba.

Ɗiyarka,
Zinatu

Djougou
20 ga Maris, 2023

Ɗiyata Zinatu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, jiki babu ciwo. Innarki tana gaishe ki. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Takardarki ta iso. Shafinta na biyu ya jiƙe da manja a bayan motar Dogo, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma na farkon ya ishe ni.

Ban san Allah ya ba ki ido irin wannan ba. Mutane da yawa sun riƙe rigunan nan, har da Turawa masu madubi, babu wanda ya gani sai ɗiyar ƙanwata. Ba zan yi miki gardama ba. Abu ɗaya nake roƙo, don darajar mahaifiyarki da ke kwance a ƙasa: ki rufa mini asiri har in aurar da ɗiyata Shakira bayan babbar Salla. Bayan haka ki yi abin da karatunki ya ce ki yi. Kada Innarki ta ji daga bakin wani. Shin Alhajin ya riga ya sani? Ki faɗa mini gaskiya, don in na ga jandarma a ƙofar shago kada abin ya zo mini ba shiri.

Kawunki,
Talle

Ladjifarani, Parakou
22 ga Maris, 2023

Kawu,

Na gode Allah da lafiyarka. Amma na karanta takardarka sau huɗu ban gane komai ba. Wane asiri? Wane jandarma? Me ya haɗa auren Shakira da riguna?

Abin da ke cikin shafin da manja ya ɓata shi ne: mutumin da nake nema ya mutu tun kafin a haifi Kaka, shekara ɗari da hamsin ke nan. Tambayarka kawai na yi ko ka taɓa jin sunansa a bakin tsofaffi.

Tun jiya zuciyata take kawo mini abubuwa. Ko rigunan na gidanmu ne, na gado, ka sayar ba da sanin dangi ba? In haka ne, Kawu, ba abin jandarma ba ne, a gida za a yi maganar. Ko kuwa na wani ne aka ba ka ajiya? Don Allah ka rubuta mini dalla-dalla. Alhaji bai san komai ba, ni ma ban san komai ba.

Zinatu

Djougou
2 ga Afrilu, 2023

Ɗiyata Zinatu,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, azumi yana tafiya da sauƙi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe da hannuna na tona kaina. Na yi kwana goma ina tunanin in ƙirƙiro miki wani labari, amma da azumi a bakina ba zan iya ba.

Mutumin da kike nema bai mutu ba. Ni ne.

Da hagu aka haife ni. Kakanki ya hana ni ci da rubutu da ita, amma da ya ga allura ta fi zama a hagun sai ya ƙyale ni. Ina da shekara sha tara na gama aska takwas ta farko. A lokacin manyan 'yan kasuwa sukan ba da riga su jira wata takwas ba su ce uffan ba. Daga baya keken surfani ya shigo, abin wata takwas ya koma na kwana biyu, ga ƙyalli. Masu ba mu aiki suka mutu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma shadda suke so.

Shekarar da aka haife ki ina da riga ɗaya da na gama babu mai saye. Wani dillalin tsofaffin kayan tarihi, Massaoudou, ya kawo mini Bature har gida. Baturen ya ɗaga ta, ya shinshina, ya ajiye. Ya nuna wata tsohuwar taguwa da muke shimfiɗa wa kaji a saman akurki, ya ce ita yake so. Da suka fita Massaoudou ya dawo shi kaɗai, ya ce mini: "Talle, aikinka aibinsa ɗaya ne. Kana da rai."

Shi ya ɗauki rigar. Bayan wata biyu ya dawo da ita ban gane ta ba. Ya rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, ya jiƙa ta da ruwan goro, ya goga man kaɗe da ƙasa a wuya kamar gumin mutum, ya farke shafin a wuri biyu. Na yi kuka, don wata tara na yi a kanta. Sati bai cika ba aka saye ta.

Daga nan na riƙa yi. Gonar Partago da kuke jin ina zuwa, doyar gaskiya ce, amma akwai bukka a tsakiya, nan nake zama da allura. Sha ɗaya na yi cikin shekara ashirin da huɗu. Tsufar da su kuwa daga baya ni nake yi da kaina, don Massaoudou hannunsa yana da nauyi, yana ɓata zaren. Ban taɓa tambayarsa inda suke zuwa ba. Na ɗauka duk suna ƙasar Turawa. Ban san biyar suna Parakou ba, wajen Musulmi ɗan'uwana.

Ba zan ce miki yunwa ce kaɗai ba. Da farko ita ce. Amma daga baya, ko da keken ɗinki ya riƙe gida, na kasa bari. Babu wanda zai ba ni aikin da sunana, ni kuma in na yi wata biyu ban riƙe tsamiya ba sai in ji kamar ba ni da hannu.

Na ɓata miki karatu, na sani. Ki yafe mini in kin iya.

Kawunki,
Talle

Ladjifarani, Parakou
25 ga Afrilu, 2023

Kawu,

Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. A gaida Inna da Shakira.

Ka yi haƙuri da shiruna. Ranar da Dogo ya ba ni takardarka a tasha na karanta, na hau zem na manta sunan unguwarmu, sai da mai babur ya tambaye ni sau uku. Shafi sittin na rubuta a kan mamaci. Na ce ya ga ayarin jakuna suna sauka da goro, na ce sarakuna ne suke ba shi aiki, har na zana taswirar hanyar da tsamiyarsa ta biyo. Ashe mutumin ne da ya ɗinka mini kayan lakwal tun ina aji ɗaya. Na ji haushinka, Kawu, ba zan ɓoye ba. Kuma akwai ranar da na koma ɗakin na tsaya gaban rigunan, na ce a raina kawuna ne ya yi wannan, sai hawaye. Har yanzu ban san wanne ya fi yawa ba.

Na yi niyyar in yi shiru in kare aikin yadda yake. Babu mai ganewa. Amma ranar Idi na ga abin da ya hana ni.

Ɗaya daga cikin biyar ɗin, mai shafin alharini ja, Massaoudou ya ce wa Alhaji ta kakan shi Alhajin ce, madugun da ya rasu a hanyar goro aka binne shi a Djougou. Ya ce wani gida ne suka ajiye ta tun lokacin. Ita kaɗai Alhaji yake fitarwa daga gilashi, sau ɗaya a shekara. Na gan shi da ita bayan an sauko Idi, ya tara jikokinsa yana sa su taɓa wuyanta, yana cewa, "Ku ji, gumin kakanku ne." Man kaɗenka ne, Kawu.

Ba zan iya ci gaba da shiga gidan mutumin nan ina shan ruwansa ba. Amma ba na so ya ji daga bakina kai kana can. Ka zo mu je tare. Na san ka ce a jira auren Shakira. Ni ina ganin gara surukai su ji cewa ka je da ƙafarka, da su ji an zo an same ka. In ka ƙi zuwa ba zan tona ka ba, sai dai in ajiye memuwar ɗin gaba ɗaya.

Zinatu

Djougou
14 ga Mayu, 2023

Ɗiyata Zinatu,

Na iso gida lafiya jiya da la'asar. Innarki tana gaishe ki. Na faɗa mata komai kafin in taso. Ta ce ita ta daɗe da sanin doya ba ta sa yatsa ya yi kanta irin ta allura, mace take zargi a Partago, sai ga shi abin ya zo mata da sauƙi. Dangin wanda zai auri Shakira kuwa ban je musu ba tukuna.

Ki yi haƙuri da na tashi na fita daga gidan Alhaji ban jira ki ba. Ƙafafuna ne suka ɗauke ni har tasha.

Yanzu ki taimake ni. Kin san ban ji komai ba a zauren nan. Na ga bakinki yana motsi, na ga Alhaji ya yi dariya da farko. Na ga ya aika an kawo ƙyalle da allura da zare ya jefo mini a cinya, na gane so yake ya gani da idonsa. Rabon da in yi ɗinkin hagu a gaban mutum tun Kakanki yana da rai. Na soki kaina, amma na fitar masa da ɗan tambari. Ya ɗauka ya shiga ɗakin gilashi, ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ta canza, ya tsaya a kaina yana magana yana nuna ni da yatsa, jijiyar wuyansa ta tashi. Wasu dattawa biyu da ke zauren suna riƙe shi. Sau biyu na ga bakinsa ya yi kamar "jandarma".

Ki rubuta mini abin da ya ce, duka, kada ki rage don tausayi. Na haɗa 'yan kayana a jaka na ajiye bayan ƙofa.

Kawunki,
Talle

Ladjifarani, Parakou
16 ga Mayu, 2023

Kawu,

Alhamdu lillahi da ka isa lafiya. Na bi ka tasha a guje, aka ce motar ta tashi. Ka kwance jakar nan. Ga abin da aka yi, ban rage komai ba.

Dariyar farko, cewa ya yi ɗalibai in karatu ya yi musu yawa sukan fara gane-gane. Da ya kai tambarinka ya kara da na rigunan, na bi shi. Ya duba ta ɗaya, ta biyu, har ta biyar. A gaban mai jan shafin ya dafa bango, na ɗauka faɗuwa zai yi.

Abin da ya faɗa a kanka kuwa shi ne: "Kai! Tun da yarinyar nan ta ce mini mutum ɗaya ne, duk Juma'a sai na ba da sadaka Allah ya ji ƙan Bahagon Djougou. Na aika har gari biyu a nemo mini kabarinsa in gyara. Ashe kana zaune nan kusa kana ɗinka wandon 'yan lakwal!" Sai ya ce: "Da ka zo mini da riga sabuwa ka ce ni na yi, da na saya?" Ya amsa wa kansa: "Da ban saya ba. Wallahi da ban ko ɗaga ta ba." A nan ne dattawan suka riƙe shi, don kuka ya zo masa.

Jandarman da ka gani na Massaoudou ne. Alhaji ya ce wanda ya sayar masa da tsufan ƙarya zai iya ƙyale shi, amma wanda ya sayar masa da kaka ba zai ƙyale ba. An ce tun shekaranjiya Massaoudou ya rufe waya ya yi hanyar Kwatano.

Kada ka ɗauka ya yafe maka. Ya ce gaisuwa tsakaninku ba yanzu ba. Mai jan shafin ya naɗe ta ya ba ni, ya ce ba ya son sake ganinta, kuma bai san abin da zai faɗa wa jikokinsa ba. Ga ta nan cikin buhu wajen Dogo. Sauran huɗun ya cire musu takardun da hannunsa ya yayyaga. Ya ce ba za su koma gilashi ba sai ka ɗinka sunanka da ainihin shekarar kowace a cikin aljihunta, da zaren da kowa zai gani. Ɗaya-ɗaya za a riƙa kawo maka, in ka gama wata a karɓa a ba ka wata.

Ni kuma na je wajen farfesa. Ya cire tabarau ya riƙe kai ya fi minti biyar. Yuli ta wuce ni, sai baɗi. Ya ce in zubar da shafi sittin ɗin in sake daga farko, kuma tunda Allah ya ba ni maɗinkin da rai, in je in zauna a gabansa in tambaye shi. Ya ce sauran shidan da ke ƙasar Turawa ma sai an rubuta wa masu su. Wannan ban san yadda za ta ƙare ba, kuma ba na so in yi maka alkawarin da ba ni da iko a kai.

Bayan auren Shakira zan zo in yi wata biyu. Ka ce wa Inna ta gyara mini ɗaki.

Ɗiyarka,
Zinatu

Djougou
19 ga Mayu, 2023

Ɗiyata Zinatu,

Muna lafiya. Buhu ya iso, takarda ma ta iso a bushe.

Jiya na je wajen surukai na faɗa musu da bakina. Baban yaron ya saurare ni har ƙarshe. Bai ce an fasa ba, bai ce ana nan ba, ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Shakira ba ta fito daga ɗaki ba tun lokacin. Ki sa mu a addu'a.

Yau da hantsi na fitar da tabarma ƙofar shago na zauna da allura a hagu, ina gwada haruffa a kan ƙyalle. Mutane suna wucewa suna tsayawa. Ban ji abin da suke cewa ba, ban kuma ɗaga kai ba.

Ki tambayar mini Alhaji abu ɗaya kafin a kawo ta farko: da boko yake so ko da ajami? Kuma ki gyara a takardunki. Talle suna ne da aka laƙaba mini ina jariri, da uwata ta rasu, lokacin mahaifiyarki ma ba a haife ta ba, don ita ɗiyar amarya ce. Sunan da aka raɗa mini Muhammad Nur. Shi zan ɗinka.

Kawunki,
Muhammad Nur